Gyaran tsoffin unguwannin masana'antu a Savannah: su wa za su zauna?

Marubucin wata maƙala da na karanta ya yi ƙoƙari wajen nuna yadda tsoffin unguwannin masana'antu na birnin Savannah, a jihar Jojiya ta Amurka, suka farfaɗo. Wata tashar wutar lantarki ta bakin kogi da aka gina a 1912 ta daina aiki, ta daɗe a rufe, sai ga shi a 2020 ta koma otal da gidajen abinci da ake kira Plant Riverside. Rumbunan auduga na titin River Street kuwa tuni suka zama shaguna. Wannan kam abin yabo ne, ya fi a rushe su.

Amma malam, ka yi ta zuba mana hotunan jan bulo da manyan tagogi, ka tsallake maganar haya. Savannah gari ne da baƙar fata ke da yawa ƙwarai, kuma da guminsu aka yi dako a waɗannan rumbuna. Da zarar unguwa irin Starland ta cika da wuraren shan kofi da ɗaliban jami'ar zane-zane ta SCAD, darajar gidaje sai ta tashi, harajin gida ya bi ta, mai gida ya ɗora wa ɗan haya. Wanda aka haifa a layin sai ya kwashe kayansa zuwa bayan gari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga kuma ruwa. Garin kusa da gaɓar teku yake, guguwar Matthew ta 2016 ta yi masa ɓarna, kuma a Amurka inshorar gida ba ta ɗaukar ambaliya, sai ka sayi wata daban. Mai son komawa can ya fara tambayar wannan kafin ya sa hannu a takarda.