Kuɗin horar da ma'aikata da mujallar da ake bugawa da shi

Duk mai masana'anta ya san wannan fargaba. Ka ɗauki yaro, ka shekara uku kana koya masa walda ko gyaran injin, ranar da hannunsa ya faɗa sai wani kamfani ya ƙara masa albashi ya ɗauke shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In aka bar kamfanoni da son ransu, kowa zai zauna jiran wanda wani ya horar, a wayi gari babu gwanin da za a yi rububinsa.

Shi ya sa gwamnatoci suka sa baki. Brazil ta kafa SENAI, hukumar koyar da sana'o'in masana'antu, tun 1942, Birtaniya ta yi dokar horar da ma'aikatan masana'antu a 1964, Najeriya ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, a 1971, Afirka ta Kudu ta yi dokar harajin koyon sana'a a 1999. A ƙasashen biyu na ƙarshe, kamfanin da doka ta hau kansa kan biya hukumar horarwa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa. Ina goyon bayan wannan tsari ba tare da wata tantama ba. Amma kuɗin da doka ta tilasta a biya ya zama amanar jama'a, kuma mai riƙon amana dole ya yi bayani.

A nan ne mujallun irin waɗannan hukumomi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na sha buɗa wasu: takarda mai sheƙi, shugaba yana karɓar lambar yabo, shugaba ya kai ziyarar ban girma, shugaba a tsakiyar hoton taro. Ɗan koyon da aka tara kuɗin dominsa, da baƙin mai a hannu, sai can shafin baya, in ma ya samu shiga.

Ban ce a daina bugawa ba. Mai ƙaramin gareji yana buƙatar sanin ranar da za a buɗe rajistar shiga horo, da yadda zai nemi a mayar masa da wani ɓangare na abin da ya kashe wajen horo. Wannan ai aikin mujalla ne, kuma tura shi ta waya ya fi bugun takarda sauƙi da arha.

Abin da nake nema a shafin farko shi ne lissafi. Nawa aka tara bana, nawa ya tafi kan horo, nawa ofis ya ci? Mutum nawa suka fara, nawa suka kammala, nawa ne ke kan aiki shekara guda bayan karɓar shaida? A ƙasan shafin kuma a rubuta abin da bugun mujallar kanta ya ci.