“Ta Faransa ce ko ta Shinuwa?” Tambayar da ake yi wa mai wuƙaƙe a Kasuwar Dole

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai wuƙaƙe a Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, balle in Sallar layya ta ƙarato, ya san yadda cinikin yake somawa. Mutum zai ɗauki ƴar wuƙar nan ta aljihu mai naɗewa, ya buɗe, ya juya ta a rana, ya shafa kaifin da babban yatsa, sai ya ce, “Alhaji, wannan ta Faransa ce ko ta Shinuwa?” In aka ce ta Faransa ce, ya biya ba gardama. In aka ce ta Shinuwa ce, wato ta ƙasar Sin, ya taya rabi, ko ya ajiye ya wuce. Bai tambayi irin ƙarfen ba, bai duba ko ƙusar da ta riƙe ruwan wuƙar tana girgiɗi ba. Sunan ƙasa ya gama masa magana.

Ban ga laifinsa duka ba, don abin yana da asali. Dattawanmu sun riƙe Opinel, mai ƙotar itace da zobe a wuya. Wani maƙeri Joseph Opinel ya soma ƙera ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, kuma har gobe a garin Chambéry ake yin ta. Zoben nan da ake murɗawa don kada ta rufe a yatsa an ƙara mata shi a 1955. Akwai kuma Douk-Douk, siririya baƙa mai ƙotar ƙarfe, wadda gidan Cognet yake yi a garin Thiers tun 1929. Don mutanen wasu tsibirai na tekun Fasifik aka yi ta, ba ta karɓu a can ba, sai ta samu kasuwa a Aljeriya da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. Wuƙaƙe ne da uba yake mutuwa ya bar wa ɗa. Daga baya kasuwa ta cika da masu ƙyalli da arha, waɗanda kaifinsu ke lanƙwashewa a kan ƙashin haƙarƙari. Wanda ya ga jiya ya ga yau dole ya yi zargi.

Sai dai zargin ya sauka inda bai dace ba. Ni kaina shekaru kaɗan da suka wuce na sayi wata mai ƙotar itace da zobe, an rubuta sunan Faransa ɓaro-ɓaro a ruwanta, na biya kuɗin ta ainihi. Ranar layya muna cikin fiɗa zoben ya zame, ta rufe a hannun ƙanena, Allah ya kiyaye yankan bai yi zurfi ba. Abin da ya cuce mu a ranar ƙarya ce. An ƙera wuƙar banza a wani wuri, an buga mata sunan da ba nata ba, ni kuma na sayi sunan.

Suna kuwa yana tafiya ya bar ƙasarsa. Okapi, wadda da yawa har yanzu suke kira wuƙar Jamus, an soma ta a Solingen a 1902 don kasuwannin Afirka, amma tun 1988 aka kwashe injunan da sunan zuwa Afirka ta Kudu. Wanda ya miƙa maka sabuwar Okapi yau ya ce ta Jamus ce, ko bai sani ba ko ya sani. Laguiole sunan wani ƙauye ne a Faransa, wuƙarsa mai hoton ƙudan zuma a gadon baya ta yi suna a duniya, amma da yake an daɗe doka ba ta killace sunan ba, masana'antun ƙasar Sin da na Pakistan sun yi ta buga shi a kan nasu, maƙeran ƙauyen da na Thiers kuma suka shafe shekaru a kotu kan wa ke da haƙƙinsa.

A Amurka ma wannan gardama ce ake yi, kuma da zafi. Kamfanin Schrade ya rufe masana'antarsa ta jihar New York a 2004, shekarar da ya cika shekara 100. Wani ya sayi sunan ya mai da ƙirar ƙasar Sin. Kamfanin Camillus ma ya rufe a 2007. Masu saye sun ji ciwo, don sun ga tambarin da kakanninsu suka sani a kan wuƙar da aka ƙera a wata nahiya. Amma a wannan tsakanin wani abu ya faru da ya rikita masu cewa duk abin da ya fito daga Sin tarkace ne. A birnin Yangjiang na lardin Guangdong, inda nan ne cibiyar wuƙa da almakashi ta ƙasar, aka samu gidaje irin su Reate da WE da Kizer suna fitar da wuƙaƙen da masana ke yabo kuma suke biya da tsada. Yau ƙaramin kamfani a Amurka ko Turai, wani lokacin mutum ɗaya ne da zanensa, ba ya iya sayen injunan yanka ƙarfe da tanderun gasa shi. Sai ya aika zanen can, ya faɗi irin ƙarfen da yake so, a yi masa ɗari biyu ko uku, ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya sa sunansa. Wasu masu saye suna ƙin taɓawa, wasu suna rububi. Masana'antar ƙasar Sin tana yin abin da aka biya ta ne: ka kai kuɗin gwangwani ta ba ka gwangwani. Mu da muke da matatar man fetur ta SORAZ da ƴan Sin suka gina a arewacin garin nan tun 2011 bai kamata mu yi mamakin cewa sun iya sarrafa ƙarfe ba. Ɗan kasuwarmu da ya je saro shi ne ya zaɓi ta ƙarshen layi, don ya san abin da aljihunmu zai ɗauka.

Kamfanin da ya burge ni a wannan fage shi ne Spyderco na jihar Colorado. Yana ƙera wasu a gida, wasu a Seki ta Japan, wasu a Taichung ta Taiwan, wasu a Italiya, masu sauƙin kuɗi kuma a Sin, kuma kowace wuƙa an rubuta a ruwanta inda aka yi ta. Ba ɓoye-ɓoye. Ka so ka saya, ka ƙi ka bari. Wannan shi ne haƙƙin mai saye a kan ƙaramin kamfani da babba, shi ne kuma haƙƙina a kan Alhajin da ke Dole: ya faɗa mini gaskiyar abin da ke hannunsa, in kuma ta karye cikin kwana biyu in same shi a wurin ya saurare ni.

Ƙira a waje ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bajamushen nan Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ga ruwan takubba na Solingen ana shigo da su da yawa ta hanyar Sahara, masu sana'a na gida su sa musu ƙota, dukawa su yi musu kube. Takobin da muke gani a hawan Sallah muna cewa gadon gidanmu, da yawansu ruwan daga Turai ya zo. Ba wanda ya ji kunyar haka, don hannun ɗan gida ya shiga aikin, ya ci abinci a ciki.

Nan ne zancen ya fi damuna. Ba'amurken da ya ƙi wuƙar Sin yana da hujjar da nake girmamawa, yana tuna maƙwabcinsa da aka sallama daga aiki ranar da aka rufe masana'anta. Mu fa? Wanda ya ƙi ta Shinuwa ya ɗauki ta Faransa bai ceci aikin kowa a Damagaram ba. Ko wacce ya ɗauka, kuɗin sun tsallake iyaka. Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimu ne yau muke tsaye muna musu kan wane baƙo ya fi wani, maƙerin kuma yana can bayan kasuwa da zuga-zuginsa, yana fasa sifirin tsohuwar babbar mota yana fitar da wuƙar da mahauta da masu kilishi ba sa yarda su canza ta da kowace. Su sun san dalili. Baƙin ƙarfe ne, yana ɗaukar kaifi da wuri a kan dutse, yana kuma riƙe shi. Ana yi mata gorin tsatsa, alhali Douk-Douk ma da Opinel ta baƙin ƙarfe suna tsatsa in ba a goge an shafa musu mai ba.

Gaskiya ne mafi yawan abin da maƙeranmu suke yi mai kube ce, mai naɗewa tana son awo daidai wa daida da ƙusa mai kyau. Amma ku dubi Douk-Douk: ruwa ne, da fallen ƙarfe da aka ninke, da sifirin, da ƙusa biyu, da ɗan zoben rataya. Babu abin da ya fi ƙarfin mutumin da yake gyara bindigar maharba. Abin da wuƙar gida ta rasa shi ne shaida. Joseph Opinel ya sa tambarinsa na hannu da kambin sarauta a 1909 don a san tasa, a yaba masa in ta yi kyau, a kama shi in ta ɓaci. Maƙerinmu yana sayar wa dillali goma goma, su shiga cikin tulin wasu, ba wanda zai san mai kyau ta wane ce balle ya koma ya nema, ya ƙara masa kuɗi.

Da Sarkin Maƙera da masu kula da sana'o'in hannu za su zauna, kowane gidan ƙira ya samu ƴar alamarsa da zai buga a gindin ruwan wuƙa tun ƙarfen yana ja, dukawan unguwar Birni su yi mata kube mai kyau, da bana in na je Dole ina da tambaya ta uku da zan yi wa Alhaji: wannan ta gidan wane ce?