Wai abin da masu karatu ke so yake rubutawa?

Ni dai maganar nan da kuka yi cewa Stephen King, marubucin nan na Amurka, ra'ayin masu karatunsa yake bi, gaskiya ban yarda ba. Mutumin da shi da bakinsa ya ce in ya fara littafi rufe ƙofa yake, kalma 2,000 kullum, ba mai leƙawa sai ya gama sannan matarsa Tabitha ta karanta, ita ce ma fa ta tsamo shafukan littafinsa Carrie daga kwandon shara har aka buga shi a 1974. Kuma kun manta shekarar 2000 da ya riƙa sakin labarinsa The Plant a intanet kashi-kashi, ya ce in masu biya suka gaza kashi 75 cikin ɗari zai daina, suka gaza kuwa, labarin ya tsaya a kashi na shida har yau shiru. Ɗan'uwa mai cewa marubutanmu na WhatsApp ne kaɗai ke yanke labari ana tsakiyar jin daɗi, to ga na Amurka ma. Ni da na tura wa wata marubuciya naira 500 ta tsaya daidai inda aljanar ta turo ƙofar banɗaki, wajen wa zan kai ƙara?