Ba Masu Son Kaki Muka Rasa Ba

Shekarata goma sha ɗaya ke nan a Nima ina sana'ar yadi a Akra, babban birnin Gana, kuma ban taɓa ganin maganar da ta daɗe a majalisarmu ta ƙofar gida kamar wannan ba. Tun da gwamnatin John Mahama ta sanar a 2025 cewa za a riƙa ba masu hidimar ƙasa horon soja na 'yan makonni, duk daren da aka ɗora butar ataya a kan gawayi bayan isha'i sai an koma kanta. Gwamnati dai waɗanda suka gama manyan makarantu take nufi, kuma na ɗan lokaci. Majalisarmu kuwa tuni ta wuce nan. Abin da ake ja a kai yanzu shi ne ko a kafa doka, duk wanda ya cika shekara 18, ɗan boko ne ko ɗan tireda, ya shiga bariki ya yi shekara ɗaya ko biyu, yana so ko ba ya so.

Mai gidan da nake haya, wanda dukkanmu muke kira Baba, shi ne kan gaba a masu cewa a yi. Ya haura saba'in, kuma a kan idonsa unguwar nan ta cika. "Ɗana," in ji shi, "dubi lungun nan da kyau. Yaro ya kwana yana caca a waya, ya tashi da azahar, ya haɗiyi tiramol, uwarsa ta yi magana ya ɗaga mata murya. A kai su bariki saje ya riƙa tashinsu da asuba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ba na raina maganarsa, don lungun da yake nunawa ta nan nake bi safe da yamma. In na duba wayata kuma sai in tarar 'yan'uwana na gida, can Katsina, suna irin wannan kira da nasu dalilin: a koya wa kowa harbi, 'yan bindiga su san kowane ƙauye akwai maza. Mutanen da aka kwashe wa yara sama da 300 a Ƙanƙara cikin dare ɗaya a Disambar 2020, wa zai ga laifinsu don sun yi wannan tunani?

Duk da haka ban yarda ba, kuma dalilina na farko yana nan kusa da mu. Ranar 12 ga Nuwamban 2025 dubban matasa suka yi sammako zuwa filin wasa na El-Wak, wanda daga Nima ko a ƙafa za ka je, domin tantance masu neman shiga soja. Aka yi turmutsutsu a ƙofa, mutum shida suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Babu wanda ya aika musu sammaci. Da ƙafarsu suka je, da takardunsu a hannu, suna roƙon a ba su kakin da muke zaune muna shawarar tilasta musu sawa. A Najeriya mun ga irinsa a Maris na 2014, lokacin da hukumar shige da fice ta kira masu neman aiki zuwa filayen wasa, aka tattake mutane fiye da goma har lahira. Duk shekara kuma in aka buɗe ɗaukar kurata, masu neman tafiya Dafo na Zariya sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba. Ba a rasa nono a ruga. To me za a yi da tilas a inda masu so suka yi yawa har ana mutuwa a bakin ƙofa?

Masu kawo misalin ƙasashen waje su duba dalilin waɗannan ƙasashe. Finlan mutum miliyan biyar da rabi ne, ga iyaka da Rasha mai tsawon kilomita sama da 1,300. In ba kowane namiji ya iya riƙe bindiga ba, ba ta da rundunar da za ta tsaya. Koriya ta Kudu tun 1953 tsagaita wuta kawai ke tsakaninta da ta Arewa, shi ya sa saurayi ke ba da wata 18 na rayuwarsa. Suwidin ta soke dokar a 2010, da ta ga take-taken Rasha ta dawo da ita a 2017. Su ƙarancin hannu ke damunsu. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200, mafi yawansu matasa, hannu ya yi mata yawa. Abin da sojanta na Barno da Zamfara ke kuka a kai kayan aiki ne, da alawus a kan lokaci, da hutun ganin iyali, da sanin cewa in ya faɗi ba za a bar matarsa tana yawon ofis-ofis da fayil ba. Kuɗin da za a ciyar da miliyoyin kurata na dole, a ɗinka musu kaki, a gina musu ɗakin kwana, daga bakin wannan sojan za a cire shi.

Wani dare gardama ta yi zafi, Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin alewa da tsatsa ta ci murfinsa. A ciki, naɗe da ƙyallen fari, akwai lambar yabo ta tagulla, tauraro mai tsini shida, zaren da ke jikinta ya koɗe. Ta mahaifinsa ce, wanda ya yi yaƙin Bama, wato Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fito da ita ne don ya nuna mana cewa soja gadonmu ne, kuma gaskiyarsa. Tun 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, ya zo da su ƙasar nan a yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Asante, wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa a 1874. Shekaru da yawa da Hausa ake ba da umarni a barikin ƙasar nan. A Yaƙin Duniya na Biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka shiga dazukan Bama, wasu da bindiga, wasu da kaya a ka, kuma daga nan hedikwatar sojan Gana, Burma Camp, ta samo suna.

Na riƙe lambar a tafina, ba ta da wani nauyi. Na ce, "Baba, shi Marigayi da kansa ya je ya rubuta suna?" Ya yi shiru jim, sannan ya ce a'a. Bature ne ya aiko wa sarkin garinsu, can arewacin ƙasar nan, ya kawo samari kaza. Sarki ya kawo. A cikin waɗanda ya kawo babu ɗansa, babu ɗan wani mai hali. Na ce, da ya dawo fa? Ya ce gadi ya yi a wani kanti har ƙarfinsa ya ƙare.

Wannan ba labarin gida ɗaya ba ne. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 'yan mazan jiya suka ɗauki takardar kokensu, ba makami a hannunsu, suka nufi fadar Gwamna a Osu, suna neman haƙƙin da aka yi musu alkawari. A mararraba wani Baturen ɗan sanda ya buɗe wuta, ya kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta girgiza mulkin mallaka, aka kama Nkrumah da abokansa biyar, shekara tara bayan nan ƙasar ta samu 'yanci. Duk shekara ana ajiye furanni a wurin. A ɓangaren Faransa kuwa, kamun soja da aikin tilas su suka koro mutane da yawa suka tsallako iyaka, kuma a zangunan Akra da Kumasi akwai gidajen da asalin zuwansu ke nan. Mu da kakanninmu suka ɗanɗani tilas, bai kamata mu yi saurin roƙonta ba.

Tambayar da na yi wa Baba ita ce har yau ke hana ni amincewa: wa za a kama? Muna da abin aunawa, don ƙasashen nan biyu duk sun kafa hidimar ƙasa a 1973, duk a hannun soja, Yakubu Gowon a can, Acheampong a nan. A Najeriya ana kai ka sansani na mako uku, soja ya koya maka fareti, sannan a tura ka wata jiha. A Gana mafi yawa kai tsaye ake tura su makaranta ko asibiti ko ofis. Tsarin ya bambanta, amma kowa ya san yadda ake yi a duka biyun: mai uwa a gindin murhu ya samu Abuja ko Akra, a ofis mai sanyi, ɗan talaka ya tafi ƙauyen da babu wuta. A nan Gana, a farkon 2025, ƙidayar da aka yi ta gano sunaye sama da 80,000 da ake zargin na bogi ne a takardar biyan masu hidimar ƙasa. Najeriya kuwa rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006. Ƙasar da ba ta san yawan 'ya'yanta ba, da wane littafi za ta kira su? Abin da zai faru sananne ne. Ɗan babba zai samo takardar likita ko ya tashi jirgi zuwa karatu. Motar kamu kuma za ta tsaya a Nima da Sabon Zango da Ashaiman, a Kurna da Tudun Wada, inda yara ke zube a titi ba mai tsaya musu. Ko a Masar da dokar ta daɗe da zama, mai digiri shekara ɗaya yake yi, wanda bai yi nisa a boko ba ya yi uku. A Eritiriya wata 18 aka rubuta a dokar 1995, bayan yaƙinsu da Habasha abin ya zama ba ranar sallama, ga samarinsu nan suna ratsa sahara da teku don gudun barikin ƙasarsu.

Batun tarbiyya kuma, wanda shi ne ya fi damun Baba, mun riga mun gwada bulalar soja a kan farar hula. A 1979 soja suka rusa kasuwar Makola ta Akra, aka zane mata 'yan kasuwa a bainar jama'a da sunan gyara. A 1984 muka yi yaƙi da rashin ɗa'a a Najeriya, mutane suka bi layi a tasha muddin mai kaki na tsaye. Da ya juya baya aka koma gidan jiya. Yaron da ke shan tiramol aikin yi ya rasa, da wanda zai ja shi a jiki. In ka kai shi bariki shekara biyu, ka koya masa kwance bindiga da ɗaura ta, ka sallame shi ya dawo lungun nan hannu rabbana, ka ƙara masa abu ɗaya ne a kan zaman banza, kuma abin tsoro ne. Wannan shi nake gaya wa 'yan'uwana na gida. Ƙato-da-gora sun taimaki Maiduguri tun 2013, ba mai musu. Amma mun kuma ga yadda aikin 'yan sa-kai a Zamfara da Katsina, inda ba a sa musu linzami ba, ya zama ramuwa a kan ramuwa, ruga ta ƙone, ƙauye ya biya.

Abu ɗaya na yarda da shi a maganar masu cewa a tilasta, kuma ba ƙarami ba ne. Ƙanena ya yi hidimarsa a wani ƙauye a Kuros Riba. Ya tafi yana tsoron abincinsu da addininsu, ya dawo da ɗan yarensu a baki, kuma har yau tsohuwar da ta ba shi ɗaki tana kiransa duk Sallah ta yi masa barka. Abin da Gowon ya nufa ke nan bayan yaƙin basasa, kuma ya yi tasiri a kan waɗanda suka samu. Sai dai waɗanda suka gama manyan makarantu kaɗai ke samu. Makanike da tela da ɗan acaba da almajirin da ya sauke, waɗanda su ne mafi yawa, ba wanda ya taɓa gayyatarsu su ga ƙasarsu. Da za a ji tawa, nan za a buɗe ƙofa: shekara ɗaya ga duk mai so, ko yana da takarda ko babu, a kai shi wani yanki, ya yi fareti da asuba in ana so, amma ya fito da sana'a a hannu, gini ko walda ko gyaran sola ko aikin jinya, a kuma biya shi alawus ɗinsa ƙarshen wata ba tare da ya yi bore ba. Wanda ya nuna ƙwazo yana son kaki, a ɗauke shi daga nan a fili, ba sai ya san wani ba. Na tabbata ranar da aka buɗe irin wannan, layin zai fi na El-Wak tsawo, sai dai a shirya ƙofofi da yawa.

Baba bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ya naɗe lambar a ƙyallenta, ya danne murfin gwangwanin da tafin hannu, ya ce yaran zamani sai da tsawa. Jikansa, wanda ke zuba mana ataya a daren, bai ce uffan ba. Sau biyu yana neman shiga soja bai samu ba. Kullum bayan sallar asuba ina jin ƙarar takalminsa yana fita gudu ta wajen Kanda, kuma Baba ya riga ya ware masa kuɗin fom na uku a aljihun babbar rigarsa.