Gini ba shi ne binciken nano ba

Wallahi hotunan nan na buɗe sabuwar cibiyar binciken nano da ake ta yaɗawa sun ɓata min rai. An yanka ribon, an tsaya gaban na'ura an ɗau hoto, kowa ya watse, amma ba wanda ya ce uffan kan kuɗin da za a tafiyar da wajen nan da shekara goma. Gwamnatin da ba za ta ɗauki nauyin cibiya na dogon lokaci ba gara ma kar ta fara.

Mutane ba su gane irin aikin ba ne. Nanomita ɗaya fa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashin mutum kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000. Aiki a wannan ƙanƙanta yana buƙatar ɗakin da ƙura ba ta shiga, wutar da ba ta ɗaukewa, da na'urar da ko motsin ƙasa kaɗan zai lalata mata awo, kuma duk wannan kuɗi yake ci kullum ko an gano wani abu ko ba a gano ba.

Wani zai ce a bar wa kamfanoni. Haba! Wane kamfani ne zai zuba kuɗi ya jira shekara arba'in? Masanin kimiyya Alexei Ekimov ya fara ganin ɗigon kwantam, wato wasu ƙwayoyi masu girman 'yan nanomita da launinsu ke canzawa gwargwadon girmansu, a cikin gilashi tun farkon shekarun 1980 a Tarayyar Sobiyet, sai 2023 aka ba shi Nobel tare da masana Louis Brus da Moungi Bawendi, yanzu ga abin a cikin talabijin ɗin QLED. Lokacin da Bill Clinton ya sanar da shirin nano na ƙasar Amurka a jami'ar Caltech a 2000, shi da bakinsa ya ce wasu burikan za su ɗauki shekara ashirin ko fiye, shi ya sa dole gwamnati ta shigo. A 2003 suka mayar da shi doka, gwamnatoci suna canzawa kuɗin yana zuwa. Cibiyar binciken nano ta IMEC da ke birnin Leuven a Beljiyam gwamnatin yankin Filandas ce ta kafa ta a 1984, har yau tana tallafa mata, ga manyan kamfanonin duniya masu ƙera cif ɗin kwamfuta da waya suna zuwa wajenta.

Masu cewa ai akwai cututtuka da suka fi wannan gaggawa kuma, rigakafin korona na mRNA a cikin me aka naɗe shi? Ƙwayoyin kitse masu girman nano ne, waɗanda aka yi shekaru da yawa ana bincike a kansu.

Ni abin da ya fi damuna ma ma'aikatan da ke kula da na'urorin ne. Mutum zai yi shekaru yana koyon sarrafa madubin lantarki, wato na'urar da ake ganin waɗannan ƙananan abubuwa da ita, ba a sa sunansa a takardar bincike, albashi ba yabo ba fallasa, ranar da ya samu wani aikin ya tafi sai a rufe na'urar da leda. Su ya kamata a fara yi wa tsarin ƙarin girma.