Cutar da ke kwance a zuciya

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa.

Bara na sayo tunkiya a kasuwar Maigatari. Na duba haƙori, na duba ido, na shafa gadon baya, ga dillali yana ta rantsuwa. Da na iso gida, Baba ya ce in kafa mata turke daban har kwana goma. Na ɗauka fargabar tsufa ce kawai, na sake ta cikin garke. Kwana shida ta fara majina da zawo, kafin wata ya ƙare na rasa awaki uku.

Jiya bayan Isha'i abin ya dawo mini, da wani yaro ya nuna mana a waya cewa a Amurka ana dasa wa mutane zuciya da ƙodar alade. Wasu suka kwashe da dariya, wasu suka tofar da yawu. Maƙwabcina, wanda ɗansa ke zuwa wankin ƙoda Kano sau biyu a mako, ko murmushi bai yi ba.

Labarin gaskiya ne. A Janairun 2022, likitocin Jami'ar Maryland suka dasa wa wani mutum mai shekara 57, David Bennett, zuciyar alade da aka yi wa ƙwayoyin halittarsa gyara guda 10. Ɗaya daga cikin jagororin aikin ma Musulmi ne, Dakta Muhammad Mohiuddin. Da farko zuciyar ta kama aiki tiryan-tiryan. Wata biyu, mutumin ya rasu. Ashe zuciyar ta zo da baƙuwa, wata ƙwayar cutar aladu da ake kira PCMV. Kuma ba wai ba a gwada aladen ba. An gwada shi, an ɗauki samfur ta hanci, aka ga babu komai, domin ita wannan cuta lafewa take yi a cikin tsoka, gwajin kuma mai farkawa kaɗai yake kamawa. Likitocin ba su ce ita kaɗai ta kashe shi ba, amma sun lissafa ta cikin abubuwan da ake zargi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da take tashi. Duk wanda aka yi wa dashe sai an ba shi magungunan da ke kwantar da garkuwar jikinsa, don kada jiki ya yaƙi baƙon da aka sa masa. Wato sai an sallami mai gadi. A jikin aladen cutar tana zaune shiru, da ta sami gida babu mai gadi sai ta miƙe. Akwai ma wata, PERV, wadda take rubuce a cikin ƙwayoyin halittar aladen kansa, wanka ko allura ba sa fitar da ita. Ƙodar aladen da aka dasa wa wani majinyaci, Richard Slayman, a Boston a Maris 2024 an yi mata gyara 69, kuma 59 daga ciki don a kashe wannan ne kawai. Har aladun da kansu ta tiyata ake ciro su, a raba su da uwa, a rene su a killace. Tsoron bai tsaya kan majinyaci ba, ya haɗa da matarsa da masu jinyarsa. A Malesiya, a 1998 zuwa 1999, cutar Nipah ta fito daga jemage ta bi ta aladu ta kashe mutum sama da 100.

Halal ne ko haram? Ni ba mufti ba ne, kuma ina roƙonku ku daina yanke fatawa a bakin shagon caji. Allah da Ya haramta naman alade a Suratul Baƙara, aya ta 173, a cikin ayar nan Ya ɗauke laifi ga wanda larura ta matsa wa. Auna larura da cutarwa aikin malamai ne tare da likitoci.

Nawa shi ne in tuna mana tsokar nan da Manzon Allah (SAW) ya ce idan ta gyaru jiki duka ya gyaru, idan ta ɓaci jiki duka ya ɓaci. Mu ma gwajin hanci muke yi wa kanmu. Ga sahun farko, ga carbi, ga rawani, sai mu ce lafiya lau. Hassada kuwa tana kwance, riya tana kwance. Jira suke a sallami mai gadi. A zo rabon gado, ko shanun wani su shiga gonarka ana dab da girbi, ko ƙaninka ya rigaka rufa kwano, sai ka ji abin da ke fita daga bakinka kai kanka ka yi mamaki. Na ga wannan a kaina, ba labari aka ba ni ba. Umar (RA) da ya ji annoba a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, bai ce shi mai ƙarfin imani ba ne. Kai ma majalisar da ka san tana tayar maka da gulma, juya.

Ɗan maƙwabcin namu gobe da asuba zai hau motar Kano, kuɗin wankin wannan makon kuma bai cika ba. Wanda Allah Ya hore wa ya same ni bayan Azahar. Wanda bai da shi ya sa yaron a sujada. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ce.