Kyamarar da Ta Dace da Manchesta Daban, Ta Zariya Daban

Duk lokacin da wani cikin ƙannena masu sana'ar hoto a Zariya ya turo min saƙo yana neman shawarar kyamarar da zai koma, sunayen da yake ambata ba sa wuce R5 da R6 Mark II na kamfanin Canon, ko wata sabuwar Sony da ya gani a YouTube. Ba na ganin laifinsu. Masu yin waɗannan bidiyoyin a Turai da Amurka suke zaune, shawararsu kuma daidai take ga wanda ke zaune inda suke. Ni kaina a nan Manchesta, inda nake ɗaukar bukukuwan 'yan Najeriya da 'yan Pakistan a ƙarshen mako, da marar madubi nake aiki, wato sabon samfurin kyamara irin waɗannan, da aka cire wa madubin da ke cikin tsofaffin. Amma da yau zan tattara in dawo Tudun Wada in buɗe shago, ba ita zan fara saya ba.

Mai hoto a Ingila yana da abubuwan jingina da mai bidiyon YouTube ba ya ma tunawa ya ambata, don a wurinsa ba abin magana ba ne. Shagunan da ke sayar da kyamara ta hannu suna ba da garantin wata shida zuwa shekara. Abin da ka saya a shago ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 ka ce ka fasa. Akwai inshora, har wasu zaurukan biki ba sa barin mai hoto ya yi aiki sai ya nuna takardarta. Idan kyamarata ta mutu ranar Alhamis, kafin Asabar an kawo min ta haya har ƙofar gida. A Zariya fa? In ta tsaya maka ana tsakiyar kamu, daga kai sai Allah sai abin da ke cikin jakarka. Gyara mai nauyi galibi sai an kai Kano, Kaduna ko Legas, wani lokaci kuma a ce sai an jira kayan gyara daga waje. Saboda haka abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne in ji yaro ya ce zai sayar da ƙaramar Canon ɗinsa 700D ya cika ya sayi babba guda ɗaya. Kada ka sayar, ƙanina. Mai karɓar kuɗin mutane da kyamara ɗaya tak yana wasa da amanar da aka ba shi, komai tsadar kyamarar. Matsakaita biyu sun fi ta alfarma ɗaya.

Ga kuma batun kuɗi. Da dala ake yi wa kyamara farashi, kai kuwa da naira ake biyanka. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin kaya ya ninka har sau uku, shin kuɗin ɗaukar biki a Gyallesu ko Samaru ya ninka haka? Kai ka fi ni sani. A nan, biki biyu ko uku na iya mayar wa mutum kuɗin kyamarar da ya saya. Kafin ka cire ko sisi, zauna da biro ka fitar da ribar da ke saura a hannunka a biki ɗaya, bayan kuɗin mota, wankin albam, firem da sallamar yaron da ke riƙe maka fitila. Ka raba kuɗin kyamarar da wannan ribar. Idan amsar ta wuce bukukuwan da kake samu a shekara, ba lokacinta ba ne.

Megafiksel kuwa kada ya ruɗe ka. Hoton inci 8 da 12 mai kyau bai buƙatar fiye da megafiksel 9, na inci 12 da 18 kuma kusan 20 ya ishe shi. Yawancin aikinka ma a WhatsApp da Instagram zai ƙare, inda za a matse shi. Megafiksel 45 na R5 zai cika maka memori ya wahalar da kwamfutarka ne kawai, amarya ba za ta ga bambanci ba. Daga 20 zuwa 24 ya wadatar.

Inda ƙasashen biyu suka rabu sosai shi ne haske. A Manchesta a watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ranakun da ta fito ma gajimare ya rufe ta. Shi ya sa Bature ke ta maganar kyamarar da ke gani a duhu. Mu matsalarmu ta farko yawan rana ce. Ɗauki ɗaurin aure bayan an sauko Juma'a a cikin birni. Rana tana tsaka, ango ya sha farar shadda da aka buga tana ƙyalli, hula ko rawani ya jefa inuwa a goshinsa, gumi na tsattsafowa, abokai sun kewaye shi kowa da farin kaya. Ka auna haske a kan rigar, fuska ta yi baƙi ƙirin. Ka auna a kan fuskar, aikin da ke wuyan babbar rigar, wanda mai ɗinki ya yi makonni a kai, ya ɓace ya zama farin fili. Babu kyamarar da za ta warware maka wannan ita kaɗai. Filasha ce maganinsa, irin wadda ke iya aiki da rana tsaka, a cire ta daga kan kyamara a ba yaro ya riƙe da lema ta gefe. Godox AD200 ko V860 da abin tayar da su daga nesa ba su kai kusa da kuɗin sabuwar kyamara ba, amma sauyin da za su kawo wa hotonka mai biki zai gan shi da idonsa tun ranar farko.

Da dare kuma a shiga zauren dina, inda masu ado suka kunna fitilu shuɗi da jajaye suna juyawa, fuskar amarya da aka ɓata awanni ana yi wa kwalliya ta koma wata kala. Nan ma fitilarka ce za ta cece ka. Sai ɗakin amarya ranar sa lalle ko buɗar kai, wanda 'yan'uwanmu mata masu hoto suka fi mu saninsa, tunda su ke shiga har ƙurya: ɗaki ƙarami, gado da jeren kaya sun cinye rabinsa, ƙawaye sun cika sauran, taga ɗaya, wuta kuma an ɗauke. A nan lensi ne ke magana. Ƙaramin lensi 18-55 da ke zuwa da kyamara bai shigar da haske sosai, musamman in ka jawo. Shi kuma 50mm f/1.8 mai arha da kowa ke yabo, a kan 600D ko 700D yana zama kamar 80mm, sai ka manne da bango ba ka samu mutum uku a hoto ba. Mai irin wannan kyamara da zai samu Sigma 17-50 f/2.8 na hannu da filasha mai kyau, aikinsa zai tashi ba tare da ya sauya komai ba.

A kula da wani tarko. Lensin EF-S, wato wanda Canon ta yi wa ƙananan kyamarorinta, irin su 18-55 ɗin nan, ba ya hawa kan manyan, 5D ko 6D. Na sha jin wanda ya kwashe duk abin da ya tara ya sayi babbar kyamara, ya dawo gida ya tarar ba shi da abin da zai ɗaura mata. Ya sayi doki ke nan ba sirdi ba linzami. Duk lissafin da za ka yi, ka sa kuɗin lensi a ciki tun farko, ko da 35mm da 85mm ne kawai, ko 24-70 f/2.8 in hali ya yi. Mai neman aikin hawan sallah, hawan Bariki da hawan Daushe, inda gidajen sarauta ke son hoton mahayansu, lensi mai jawo nesa 70-200 zai nema, don ba a tsayawa gaban doki mai sukuwa.

Idan lokacin sauya kyamarar ya yi da gaske, sharaɗina na farko ramin memori biyu ne, ta yadda kowane hoto zai sauka wuri biyu a lokaci guda. Memorin jabu ya cika kasuwa, na gaskiyar ma yana mutuwa ba sallama. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi. A Ingila in ka ɓatar da hotunan biki, lauya da inshora ne za su yi magana. A Zariya sunanka ne zai tafi, daga Kofar Doka har Kwangila a ji labari, kuma uwar amaryar wataƙila ƙawar gwaggonka ce. Wannan sharaɗin kaɗai ya sa ba na ba mai aikin biki shawarar 6D, 6D Mark II, EOS R ko RP, duk da kyan hotonsu, don rami ɗaya gare su. Canon 5D Mark III ta 2012, 5D Mark IV ta 2016 da Nikon D750 ta 2014 duk suna da biyu. Tsakanin 5D Mark III da D750, ta Nikon ta fi jure a ɗago inuwa wajen gyaran hoto ba tare da ya yi dusa-dusa ba, abin da ke da amfani ga farar riga da baƙar fuska.

Tun 2018 da Canon da Nikon suka karkata ga marasa madubi, masu hoto a nan ke ta sauke tsofaffin kayansu, farashin masu madubi da lensinsu na ta sauka. Faɗuwar wani tashin wani. Kyamarorin da aka ɗauki manyan bukukuwan duniya da su shekaru goma da suka wuce ba su manta aikinsu ba.

Suna kuma da abin da ya dace da garinmu. A ma'aunin kamfanoni, D750 na ɗaukar hoto 1,230 a caji ɗaya, 5D Mark IV kusan 900, Sony A7 III tsakanin 610 da 710, R6 kuwa in ana leƙawa ta ido ba ta kai 400 ba. A aikace duk suna wuce haka, amma tazarar tana nan. Ni da nake da soket a kowane lungu ban damu ba. Wanda zai yi kamu yau, ɗaurin aure da walima gobe, kai amarya jibi, ga wuta ba tabbas, ga man janareta da tsada, dole ya damu. Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke sauka bukukuwa kuma suka fi yawa, duk sauya lensi a waje shigar da ƙura ne. A mai madubi, madubin da labulen ciki mai buɗewa in an danna suna tsare sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kai. A A7 III, da ka cire lensi sensar ce tsirara a gabanka. R6 ta fi dabara, tana rufe labulenta in an kashe ta. Wannan ma wani dalili ne na riƙe kyamara biyu, kowace da lensinta, ka wuni ba ka buɗe ko ɗaya ba.

Ba ina cewa marar madubi ba ta da amfani ba ne, ai da ita nake cin abinci. Yadda take kama idon mutum ta bi shi yana tafiya, babu tsohuwar da ke yin haka. Amarya na shigowa zaure ana guɗa, ƙawaye na rangaji a gabanta, hoto goma ka ɗauka tara sun fito tas. Kana kuma ganin yadda hoton zai kasance tun kafin ka danna. Uwa uba bidiyo. Amaren yanzu suna son gajeren bidiyon da za su ɗora a Instagram da TikTok, 5D Mark III da D750 kuwa ba sa bin fuska da kyau a bidiyo. Idan rabin kuɗin da ke shigo maka daga bidiyo ne, ko kana ɗaukar manyan bukukuwa har Kaduna da Abuja, to nemi R6 ta 2020 ko A7 III ta 2018, dukkansu rami biyu. Mai kayan Canon ya ɗauki R6 da adafta, lensinsa na EF duk za su yi aiki, batirin LP-E6 na 5D da 80D ma yana shiga. Sai dai ka sani R6 ta farko tana zafi in an daɗe ana ɗaukar bidiyon 4K, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 35 kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce. R6 Mark II ta 2022 ta rage matsalar, amma kuɗinta daban.

Akwai abu ɗaya da Zariya ta fi Manchesta, kuma ina kewarsa. A nan kowa tasa ta fisshe shi, in kana son aron lensi sai ka biya kamfani. A gida, maigidan da ka koyi aiki a wurinsa zai miƙo maka 70-200 ɗinsa ranar hawa, abokin sana'a zai ara maka batir a filin yaye ɗalibai na ABU. Wannan zumuncin shi ne inshorarmu, kuma ya kamata ya shiga lissafi. Idan mutanen da kuke aiki tare duk Canon ke hannunsu, kamar yawancin waɗanda na sani, komawa wani kamfani kai kaɗai na nufin ranar da ka maƙale babu mai abin da zai shiga kyamararka.

Wanda zai sayi ta hannu, kada kunya ta hana shi bincike. Ka sa a nuna maka adadin hotunan da ta ɗauka tun fitowarta, domin labulen 5D Mark III, 5D Mark IV da D750 an ƙiyasta masa 150,000 ne, wadda ta kusa kaiwa nan sai a rage kuɗi sosai. Ka ɗauki hoton farin bango a f/16, wato ka tsuke ƙofar lensi, ka buɗe shi a kwamfuta, ƙura da tabon sensa za su bayyana. Ka haska lensi da tocilan ka duba ko ya yi fumfuna a ciki, abin da ke yawan samun kayan da suka fito daga ƙasashe masu laima. Ka gwada ramukan memori duka biyun, ka ɗaura filasha ka tabbatar tana tashi. Masu cewa in sayo musu daga nan in ba mai zuwa gida ya taho da ita, ina yi da zuciya ɗaya, amma ku sani garantin shagon Ingila ba zai amfane ku a Sabon Gari ba sai in akwai mai dawo da ita cikin lokaci. Don haka ku bar ni in riƙe ta mako biyu in yi aiki da ita tukuna, in akwai matsala ta fito tun ina da damar mayarwa.